Kalwa Kafin Riɗi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga ofishin Shugaban Farfesoshin Jini da Ɓargo na Arewa baki ɗaya, zuwa ga Malama Hajara, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, ɗiyar Ƙofar Durbi ta birnin Katsina, wadda yanzu ke zaune a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da girmamawa, da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, ya zaman baƙunta, ya ruwan can da aka ce ba ya ɗaukewa? Muna fatan kin saba da kifi. Amma ba'adu.

Mun zaɓi mu rubuto maki a nan, a dandalin sada zumunta, a bainar jama'a, saboda rahoto ya iso ofishinmu cewa akwai wata lamba da in ta kira ki sai wayarki ta yi ta kuka har ta gaji, saƙonninta kuwa shekara biyu ke nan ba a buɗe su ba. Mun san ke mai girmama manya ce. Takardar farfesa ba za ki tsallake ta ba.

Kafin mu shiga magana, ya kamata ki tabbatar cewa mu farfesa ne na gaske. Don haka gyara zama, ga karatu.

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta a jikin ɗan Adam, ba cikin jini ake haihuwarsu ba. A ɓargo ake haihuwarsu, can cikin ƙashi, nan suke ƙuruciyarsu ta kusan mako biyu kafin a sallame su. In aka shafa jini a gilashi, aka zuba mashi rini, aka sa a madubin gwaji, za a ga cikin yawancinsu cike da tsaba-tsaba kamar an watsa hatsi. Tsabar nan ba ado ba ce. Kowace ɗaya ƙunshin dafi ce, da shi ƙwayar ke kashe cutar da ta haɗiye. Kuma ba rana ɗaya take tara su ba.

A manyan jami'o'in duniya, da ƙwarya ake koyar da wannan darasi. A ajiye ƙwarya bisa tabarma, a sa curin fura a tsakiyarta. Ƙwaryar ita ce ƙwayar jini, curin shi ne cibiyarta. Jaririya ke nan: cibiya ƙatuwa, ciki fayau, ko tsaba ɗaya babu. Sai a ɗebo kalwa, irin wadda ake daddawa da ita, a watsa kewaye da curin. Ita ce tsabar farko, manya, masu duhu, masu dafin da ya fi na kowa ƙarfi. Daga nan ƙwayar ta rufe wannan sana'a, ba ta ƙara yin kalwa ko ɗaya har abada. In ta rabu biyu, sai a kawo wata ƙwarya a raba kalwar da ke akwai. In sun zama huɗu, a sake rabawa. Kowace kuma sai ta fara yin tata tsabar, ta biyu: riɗi, ƙanana, fari-fari, masu yawan gaske, har su rinjayi kalwar ido ya daina lura da ita. Amma tana nan ƙasa.

A nan ne ake sanin abin da kowa zai zama. Yawanci riɗi suke yi, su ne mayaƙan gaba. 'Yan kaɗan su yi dawa, kaura ja, su ne masu faɗa da tsutsar ciki. Ɗaiɗaiku kuma su yi 'ya'yan kuka, baƙi ƙirin har su rufe curin, su ne masu sa mutum susa da atishawa. Sannan rabuwa ta tsaya. Curin ya lanƙwashe kamar ƙoda, ya ƙara lanƙwashewa kamar lauje, daga ƙarshe ya yanke gida uku ko huɗu da zare tsakani kamar carbi. Dab da fita a ƙara mata ɗan gero, guzurin hanya, da shi take huda bangon jijiya ta isa inda ciwo yake. Na ƙarshen samu shi ne na farkon kashewa. Kalwa kuwa ba a taɓa ta sai yaƙi ya kai maƙura.

Kin dai ga mun yi karatu.

To, rahoton da ke gabanmu ya ce akwai wata yarinya da ta riƙa yin wannan darasi a tsakar gida, gindin darbejiya, kusa da tukwanen daddawar mahaifiyarku, shekarar da za ta yi jarrabawar ƙarshe. Ba ta da ɗalibi sai ƙanenta, wani mara ji da ake ce ma Auta, wanda ke gudowa daga makarantar allo ya ce Alaramma ya tashe su. Ba son ilimi ke zaunar da shi ba. Curin fura yake jira. Da kin juya ɗebo riɗi, sai ki dawo ki tarar da jaririya ba cibiya, shi kuma yana kallon sama da kumatu cike. Rahoton ya kawo maganarki daidai: "Ka cinye mani cibiya, Allah shi shirye ka."

Shi ya raɗa maki Likitar Ƙwarya. Ya bi unguwa yana shela cewa kina duba marasa lafiya kyauta, har wata tsohuwa ta zo da akuyarta mai zawo. Kin kore shi da muciya har bakin soro, amma an gan ki kina dariya a bayan ƙyaure.

Ran nan ya faki idonki ya zuba riɗi tun ƙwarya tana fayau. Kika zazzage duka, kika ce, "Kalwa kafin riɗi. Jiki ba ya tsallake izu irin naka." Kin san halinsa: allonsa yakan wanke tun bai iya ba, ya je ya ce ma Alaramma ya haddace, a rubuta mashi na gaba. Shekara nawa yana wankewa, yana nan inda yake.

Mahaifiyarku tana sheƙe kalwa tana ta mita: "Ku maido mani da kayana, ta kasuwa ce ba ta boko ba." Amma kunnenta na wurinku. Ranar da kika raba kalwa ƙwarya biyu kika ce ba a sake yin wata, sai ta tsaya da faifai a hannu, ta ce, "Ashe har cikin ƙashi uwa ke yi, ɗiya su raba."

Ba da ke ta yi maganar ba, da darbejiya ta yi. Ke ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunanki ba tun da ta haife ki. Ke ce waccan, ke ce mai gilashi. Ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito, duk unguwa ana guɗa, ita cewa ta yi, "Waccan ta ci abinci kuwa?"

Yanzu mun zo inda alƙalaminmu ke nauyi.

Watanki uku da fara aiki Inna ta fara ganin jini a aswaki. Sai tabo shuɗi-shuɗi a hannu kamar an mintsine ta, sai zazzaɓi. Da hannunki kika ɗebi jininta, da idonki kika duba. Kika ga ƙwayoyi ƙanana cikin jini, cike da tsaba mai duhu. Kika dawo gida kika ce cuta ce ta shiga jiki da ƙarfi, in yaƙi ya yi zafi ɓargo kan turo har waɗanda ba su gama girma ba, kalwarsu a fili. Gaskiya ne, haka ɓargo yake yi. Aka rubuta magani, aka sha mako guda, ba sauƙi.

Ba wanda ya aike ki. Ke da kanki kika sake shafa sabon gilashi kika zauna kansa. Nan kika ga ba wadda ta kai riɗi. Duk sun tsaya a kalwa, sun cika ta har ta yi masu yawa, wasu da tsinkaye a ciki kamar damin tsintsiya. Kika ruga wurin Malam Tukur, shugabanku na ɗakin gwaji, da gilashin a hannu. Aka kwantar da Inna. Kwana huɗu ta yi, jinin bai tsaya ba. Da hantsin Alhamis Mai abu ya karɓi abinsa.

Mun san abin da kike ƙirgawa tun ran nan. Mako guda ɗin nan. Kin ɗauke shi kin tafi da shi har bakin teku.

Amma mun san ba shi kaɗai ya kore ki ba, kuma don wannan muka zauna rubutu.

Ranar sadakar bakwai kina bayan madafi kina wanke ƙoren Inna. Auta ya zo ya tsaya kanki. Da saƙo ya zo, za mu faɗa maki saƙon nan gaba kaɗan. Sai ya ga ƙwaryar da ke hannunki ita ce ta darasi, mai ɗinki a baki. Yaron nan tun da ya iya magana bai taɓa gaya maki kalma ɗaya miƙaƙƙiya ba, komai sai ya lanƙwasa shi ya zama wasa. Ya ji kuka na tahowa, ya nemi abin tarewa, sai abin da ya saba ya fito. Ya ce, "Likitar Ƙwarya, ashe madubin naki ƙwarya kaɗai yake gani."

Ba ki mare shi ba. Da ma kin mare shi. Kin kife ƙwaryar, kin ɗauraye hannu, kin shiga ɗaki. Ya yi ta kewaya ki har arba'in, in kin shigo ta soro ya fita ta baya, kunya ta hana shi haɗa ido da ke. Kashegarin arba'in kika ɗauki jaka.

Ofishinmu ya sa an kamo yaron an duba shi. Sakamako ya fito, kuma ba mai daɗi ba ne. Shekara ashirin a duniya, ba riɗi ko ƙwaya ɗaya. Ya tsaya a matakin farko, ciki cike da dafi, bai san inda ake zuba shi ba, sai ya zuba ma na gida.

Yana wankin hula yanzu a wata rumfa ta Ƙofar 'Yandaka. Malam Tukur ya yi ritaya, can yake kai hulunansa. Auta ya yi wata biyu yana goge su yana miƙawa, ran nan dai ya ajiye buroshi ya tambaye shi kai tsaye ko laifinki ne. Tsohon ya zauna bisa benci ya cire tabarau. Ya ce, "Yaro, a aikinmu ba a barin mutum ya duba jinin uwarsa. Ido ba ya yarda ya ga mugun abu a can. Na san jinin wa ke hannunta, na bar ta. In akwai mai laifi, ga shi zaune yana jiran hularsa." Ya ce duk tsawon aikinsa bai ga irin wannan cuta ba sai 'yan lokutan da ba su cika yatsun hannu ba, kuma cuta ce mai gaggawa, ko ranar farko aka gane Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Ya ce, "Abin da na riƙe shi ne ta koma ta sake dubawa. Da yawa ba su komawa. Ka ce mata ban yi ɗaliba kamarta ba."

Saƙonni sun zama biyu ke nan a hannun mutumin da ba a ɗaukar wayarsa.

Sai Auta ya tambayi Malam Tukur ko akwai maganin ƙwayoyin da suka tsaya. Ya ce akwai, kuma abin mamaki, ba kashe su yake yi ba. Tura su gaba yake yi, su bar kalwa su yi riɗi, su ƙarasa girman da suka ƙi yi. Yaron ya koma kan buroshinsa. Ya gama hulunan ranar, ya rufe rumfa.

Kashegari da asuba ya ɗauki allonsa ya koma wurin Alaramma. Ya zauna cikin yaran da ba su kai ƙugunsa ba, ga gemu ya fara fitowa. Suka yi ta dariya, suka raɗa mashi Baban Aji. Shi da ya saba raɗa ma mutane suna, ya ɗanɗana. Alaramma ya dube shi ya ce, "In wasa ka zo yi, na tsufa." Auta ya ce a mayar da shi inda ya fara ha'inci. Aka mayar da shi baya ƙwarai, ba ma sai mun faɗi izu nawa a gaban jama'a ba. Asuba da la'asar, asuba da la'asar, bai sake wanke allo ba sai ya zauna.

Malama Hajara, ƙanenki ya kai Baƙara. An yi zayyanar allo, ja da kore da rawaya, yana naɗe cikin farin ƙyalle a ɗakin Baba. Alaramma ya sa walimar sauka Asabar ɗin da ke bin Mauludi.

Kin san yadda ake yi. In mai sauka ya gama karantawa gaban malamai, sai ya ɗauki allon ya shiga cikin gida ya durƙusa gaban uwarsa, ita ce farkon mai sa hannu. Alaramma ya ce Gwaggo ta tsaya a madadin Inna. Auta ya ce a'a. Aka ce taurin kai ne, ya ce a kira shi duk abin da aka ga dama. In kin zo, gabanki zai durƙusa. In ba ki zo ba, za a yi karatu, za a ci shinkafa, a watse, allon kuma ya koma ɗakin Baba a naɗe, ba mai buɗe shi. Baba kuwa kin san shi, ba ya nuna abin da ke ransa. Amma ya sa an sake shafe ɗakinki, ya ce wai damina ce ta ɓata bango. Bangon nan lafiyarsa lau.

Akwai kuma kalwar Inna. Kwano guda ta bari cikin tukunya, wadda ba ta kai ga dafawa ba. An so a yi daddawa da ita a raba sadaka, Auta ya ɓoye. Ya raba ta ƙwarya biyu daidai, ya rufe da faifai. Ba a sake yin wata, ke kika koya mana. Wato kika koya mashi. Mai ɗinki a baki ita ce taki.

Ga saƙon.

Ranar Laraba da azahar, kin fita neman masu ba da jini. Auta na zaune bakin gado yana yi ma Inna fifita. Ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ce, "Ina Hajara?" Sai da ya waiga ya ga ko wata ma'aikaciya ake nufi, don bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta ce, "Ka ce ma Hajara ta zamna ta ci abinci. Ka ce mata na ga wahalarta. Na yarda da ita duniya da lahira, Allah shi yi mata albarka." Sau biyu ta faɗi sunan, a fili, ba ta rage ko harafi ba.

Da kika dawo kina ta kai da kawo da leda a hannu, ya ce bari sai gobe, Inna ta faɗa maki da bakinta ya fi daɗi. Goben ita ce Alhamis.

Wannan ne ya kawo maki bayan madafi ranar bakwai. Wannan ne ke bakinsa lokacin da wancan ya fito. Shekara biyu kina yawo da maganar da bai yi nufi ba, shi kuma yana zaune da wadda aka ba shi amana. Ya rubuta ta cikin saƙo ya fi a ƙirga, tana can cikin waɗanda ba ki buɗe ba. Bai ga laifinki ba. Wanda ya sa hannu a rami maciji ya sare shi, ba a ce mashi ya sake sawa.

Ba ya roƙon ki ce maganar ba ta yi zafi ba. Ta yi. Roƙonsa ki yafe, ko ba yanzu ba. In ma ba za ki iya kallonsa ba, ki zo don Baba, ki zo ki ɗauki rabonki, ki sa hannu bisa allon kina kallon darbejiya kamar yadda Innarmu ke yi. Ya isa.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa wahalar kwana huɗun nan ta zama kaffara. Allah ya tsare ki a inda kike, ya ƙara ma idonki haske, ya sa duk gilashin da kika duba ya zama sanadin rayuwar uwar wani. Allah ya sauke maki mako gudan nan daga kai, ba kayanki ba ne. Allah ya sanyaya zuciyarki a kan wanda ya ɓata maki, shi kuma ya ƙarasa shirya shi kamar yadda kika sha roƙa. Amin, don alfarmar Alƙur'ani.

Wassalamu alaikum.

Shugaban Farfesoshin Jini da...

Yaya, na gaji. Babu farfesa. Babu ofis, benci ne a rumfar wankin hula, ga sitaci duk ya ɓata mani waya. Bokon da na rubuta wannan da shi ma ke kika koya mani da gawayi a bangon madafi. Na san tun daga curin fura kin gane, watakila tun daga kifi. Amma ga shi kin karanto har nan, wannan ne wasana na ƙarshe da ke, kuma shi kaɗai ne ban yi nadamarsa ba.

Yau bayan la'asar lambar nan za ta sake kira. Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗauka kawai, ni zan yi, miƙaƙƙiya.

Ni ne ƙanenki,
Kabiru, Autan Inna,
wanda ya cinye maki cibiya.